Jemagen Allon Malam Dikko

Shekarar da aka turo Malam Dikko makarantar elementare ta Kiru, wato 1956, ya sauko daga motar gyaɗa da akwatin ƙarfe ɗaya, da keke sabo fil, da kuma wani ilmi da babu wanda ya aike shi ya ɗebo. Lissafi ya iya, karatu ya iya, labarin ƙasa ma ba laifi. Amma abin da ya tafi da hankalinsa a makarantar horon malamai shi ne wai ana iya rubuta waƙa. Ba kalmominta ba, wannan kowa ya sani. Muryar kanta ake nufi, hawanta da saukarta, inda ake ja da inda ake datsewa, duk a zuba su a kan allo, har wanda bai taɓa jin waƙar ba ya duba ya rera ta daidai. Tun ranar da aka yi haka a gabansa, bawan Allah bai sake zama lafiya ba.

Abin da dalili. Malam Dikko ɗan makaɗi ne, jikan makaɗi. Mahaifinsa, Ɗanasabe na Yako, makaɗin noma ne, kuma ba irin na cika wuri ba. Daga Bebeji har ƙasar Tudun Wada, in aka kira gayya babu gangar Ɗanasabe, sai ka ga samari suna jan garma kamar waɗanda aka taso daga barci. Dikko ne ɗan fari, shi ya kamata ya rataya gangar nan bayan ubansa. Sai ga shi da aka zo neman yaran da za a kai boko, hannu ya faɗa a kansa. Ɗanasabe ya yi haƙuri, ya ce ba za a daɗe ba yaro zai gudo gida kamar sauran. Yaro kuwa ya ƙi gudowa. Ya yi ta wucewa gaba har ya zama malam.

Da ya zo hutu kafin ya kama aiki, ya kai wa mahaifinsa labarin rubutun waƙa, bakinsa har kunne, a zatonsa zai faranta masa rai. Ɗanasabe bai ko dube shi ba. Dama ba ya haɗa ido da ɗan farinsa, balle ya kama sunansa. Duk maganar da ke tsakaninsu ƙanwar Ɗanasabe, Tasalla, ce ke ɗauka ta kai, ko da kuwa su ukun suna zaune a tabarma ɗaya.

"Tasalla," ya ce, "gaya wa yaron nan, kiɗa a hannu yake, waƙa a maƙogwaro take. Wanda ya koma yin su da alli ya bar gidanmu, Allah ya ba shi sa'a inda ya koma. Ni dai hannun nan nawa ba zai taɓa yin kiɗa a makarantar boko ba. Ki shaida."

"Ya ji, Yaya," in ji Gwaggo Tasalla. "Ga shi nan kusa da gwiwarka, ba kurma ba ne."

Dikko ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Sunan malam ya samu, keke ya samu, dattawa ma suna tsayawa su gaisa da shi a hanya. Abu ɗaya ya rage masa, kuma shi ya fi so: ya ji daga bakin tsohon nan cewa bai zubar da gado ba.

A Kiru aka danƙa masa aji uku, 'ya'yan manoma da na makiyaya, maza cike da benci, mata 'yan kaɗan a gaba. Kowace Alhamis akwai darasin waƙa, wanda malaman baya suka mayar lokacin share filin makaranta. Malam Dikko ya ce ba da shi ba. Ya ɗauki rula ya ja layi biyar a allo, ya juyo yana murmushi, ya tambayi yara me suka gani.

"Kunyoyi, Malam!"

Ya buɗe baki zai gyara musu, sai ya fasa. Kunyoyin ne mana, me ya rage? Daga ranar ya bar yara suna raɗa wa alamomi suna, shi kuma yana gaya musu aikin kowace. Ya koya musu do, re, mi, fa, so, la, ti, do, su hau kamar tsani su sauko, ya nuna musu cewa in alama ta hau kunyar sama murya ma ta hau, in ta sauko murya ta sauko. Alama mai kai da mariƙi suka ce ludayi ne. Baƙin ludayi bugu ɗaya, farin ludayi bugu biyu. Wanda ba shi da mariƙi kuwa ƙwai ne, bugu huɗu ake jan sa. Akwai wasu layuka biyu haɗe a baya suna buɗewa gaba, wannan bakin kada ne: in kada ya buɗe baki murya ta yi ta ƙaruwa, in ya rufe ta yi ta raguwa. Ɗigo biyu a ƙarshen kunya na nufin a koma farko a sake. Inda ya rubuta "a hankali" sai a sassauta. Inda ya rubuta "da ƙarfi" kuwa ba a taɓa bukatar bayani ba, don nan ne wurin da hedimasta ke toshe kunne a ofis.

Kafin damina ta yi nisa, yaran sun riƙe duk wannan kamar sunayen awakin gidansu. Komai na tafiya sumul, har Alhamis ɗin da ya zana wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, a rataye ƙarƙashin layi na huɗu.

Wata yarinya mai suna Luba ta ɗaga hannu. Luba 'yar mai ƙosai ce ta bakin kasuwa, ita ke ba da waƙa a dandali in 'yan mata suna gaɗa, kuma Allah ya ba ta muryar da in ta kira ƙaninta daga makaranta yakan amsa daga gona.

"Malam, jemage ne. Ga shi nan ya rataya."

"To, jemage ne," in ji Malam Dikko. "In kun ga jemage, shiru za ku yi. Bugu huɗu cur, ba mai cewa uffan. Ku ƙirga a zuci, yana cika ku shigo gaba ɗaya."

Yara suka dubi juna.

"Wato waƙa ta ƙare ke nan, Malam?"

"Ba ta ƙare ba. Shirun ma cikin waƙar yake."

"To in ba ta ƙare ba, me ya kawo shiru?" Luba ta tambaya. "Ko an manta ne?"

Aka gwada. Ana zuwa kan jemage Malam Dikko ya ɗaga hannu, kafin hannun ya gama tsayawa Luba ta cafe waƙa. Aka sake, Luba ta cafe. Ya sa ta toshe baki da gefen zanenta, sai wani yaro a baya ya shiga a madadinta, don ya ga an bar wurin ba kowa. Ran da aka kusa samu kuwa, jakin wani ya tsaya a bayan taga ya cika musu gurbin da tasa muryar, aji ya fashe da dariya har da masu faɗowa daga benci.

"Wallahi Malam ba da gangan nake yi ba," in ji Luba. "In na ji wurin nan wayam, sai in ji kamar an bar ƙofa a buɗe akuya za ta shiga."

Bai iya yin fushi da ita ba, don ya san daga inda abin ya fito. Yaran nan a cikin waƙar amshi suka tashi, mai bayarwa bai rufe baki ba 'yan amshi sun kama. Shi kansa, a gidan da ya tashi, babu abin kunya irin shiru a tsakiyar kiɗa. Yana ƙarami ya bi mahaifinsa wata gayya a ƙasar Doguwa, ana tsakiyar kunya fatar ganga ta fashe. Ɗanasabe bai tsaya salati ba, ya yi wuf ya fizge ƙwaryar kunu daga hannun wata mata, ya kifar da kunun a ƙasa, ya ci gaba da kiɗa a bayan ƙwarya, garma ko ɗaya ba ta tsaya ba. Matar ta yi ta masifa har la'asar, shi ko a jikinsa. Dokar gidansu ke nan, kuma tana da ta biyu: in ka ga wani makaɗi ya yi tuntuɓe a bainar jama'a, murya ta sarƙe ko baiti ya ɓace masa, ka shiga ka rufa masa asiri ko da ba kwa ga maciji da juna. Faɗa sai an koma gida.

Duk da haka Malam Dikko yana son jemagen nan har cikin ransa. A makarantar horon malamai ya taɓa jin ɗalibai cike da ɗaki suna rera waƙa, suka ɗauke wuta lokaci ɗaya, sannan suka dawo gaba ɗaya, tsigar jikinsa ta tashi. Abin da yake so mutanen Kiru su ji ke nan.

Bayan an gama girbin gero, hedimasta, Malam Hamman, ya sanar cewa za a yi ranar iyaye kafin hutu. Za a yi tsere, a yi karatu a gaban jama'a, aji uku kuma su yi waƙa.

"Tunda kun hana mu sakat duk damina," in ji shi, "gara mu ga abin da kuka shuka a kunyoyin nan naku."

Malam Dikko bai yi dogon tunani ba. Waƙoƙin littafi ya ture gefe, ya ɗauko waƙar da mahaifinsa ke buɗe gayya da ita, wadda shi tun yana goye yake jin ta. Ya zauna yana rera ta a hankali yana zuba ludaya a kan layi, har ta tsaya a allo daga farko zuwa ƙarshe:

Ku duƙa, samari, ku duƙa,
Gonar Sarkin Noma da faɗi.
Rana ta hau, ba mu gaji ba,
Sai mun ga ƙarshen kunya.

Ya sa "a hankali" a farko, ya buɗe bakin kada a baiti na uku, ya sa ɗigo biyu a ƙarshe. Sannan ya tsaya da alli a hannu yana neman inda zai rataya jemage. Kunnensa ya ce masa tsakanin baiti na uku da na ƙarshe, ya kuwa rataya shi nan bai tambayi kansa dalili ba. Luba ta dubi allo ta dafe kai.

Ran Juma'a ya hau keke ya tafi Yako. Ya tarar da mahaifinsa a zaure yana ɗaure tsarkiyar ganga, Gwaggo Tasalla a gefe tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe su, aka tambayi aiki da gajiya, sannan ya dubi gwaggonsa ya ce ana ranar iyaye a makaranta, yaransa za su yi waƙa, yana so Baba ya zo.

"Tasalla," in ji Ɗanasabe, yana jan tsarkiya da haƙori, "gaya masa ina da aiki ranar."

"Ai bai faɗi ranar ba tukuna, Yaya."

"Ko wace ce, ina da aiki."

Malam Dikko ya sunkuyar da kai. Bai faɗa musu wace waƙa ce ba, don kada a ce ya zo roƙo. Da ya tashi tafiya Gwaggo ta rako shi har inda ya jingine keke, ta cusa masa gyaɗa a aljihu.

"Tafi abinka," ta ce. "Shekara nawa ina kai maganarku ina kawowa, na san ta inda ake kama shi. Kai dai ka gyara muryar yaranka."

Ya gyara kuwa. Ya koya musu su danna yatsu huɗu a cinya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa Luba ta ɗauka ƙosai mai zafi ne a bakinta, ba ta iya magana sai ya huce. Wani lokaci a samu bugu biyu, wani lokaci uku, amma har ana gobe taro ba a taɓa samun huɗun nan cikakku ba. Malam Hamman ya ba shi shawara ya goge jemagen kowa ya huta. Ya ƙi.

Ranar taro da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar makaranta. Dagaci ya zo da dattawa, iyaye maza suka cika gaba, mata suka taru a gefe da 'yan mata masu talla. Malam Dikko ya sa an fito da allo an jingina shi da tsamiya don kowa ya ga rubutun. Mutane suka yi ta leƙe, wani tsoho ya tambaya ko taswirar gonar wani ce. Shi kuwa Malam idonsa na kan hanya. Aka yi tsere, aka yi karatu, ba Baba ba dalilinsa.

Ana kiran aji uku sai ga Gwaggo Tasalla ta ɓullo, a bayanta Ɗanasabe, ba ganga, ba gula, sai igiya sabuwa a naɗe a kafaɗa. Yana tafe yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi cewa kasuwa ya zo sayen igiya, hayaniya ya ji ya leƙo. Aka yi masa tayin tabarma a gaba ya ƙi. Ya wuce can baya, kusa da randar makaranta, ya tsuguna a gefen wata garwa da yara ke ɗebo ruwa da ita, ya juya gefe kamar mai jiran a sallame shi.

Yara suka jeru. Malam Dikko ya tsaya a gabansu. Ya ba su sautin do a hankali, ya ɗaga hannu, ya sauke.

"Ku duƙa, samari, ku duƙa..."

Suka fara can ƙasa, a hankali, yadda allo ya ce. Surutu ya mutu. Wasu dattawa suka dubi juna, don babu wanda ya taɓa riƙe garma a ƙasar nan da bai san waƙar ba. Ta wutsiyar ido Malam Dikko ya ga mahaifinsa ya juyo, igiya ta zame daga kafaɗarsa bai ɗauka ba. Baiti na biyu ya wuce lafiya. A na uku kada ya buɗe baki, murya ta yi ta kumbura, ta Luba a kan ta kowa.

"Rana ta hau, ba mu gaji ba..."

Ya ɗaga hannu ya dunƙule.

Tsit. Ko tari babu. Luba ta kumbura kumatu, idanunta sun firfito, yatsanta na farko a danne a cinya. Malam Dikko ya ji farin ciki ya lulluɓe shi. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ya samu, kuma a gaban wanda ya fi so ya gani.

Sai dai wanda ya fi so ya gani ba abin da ya gani ke nan ba. Ɗanasabe ya ga yara sun yi tsuru-tsuru, ya ga yarinyar gaba kamar za ta shiɗe, ya ga ɗansa tsaye da hannu a sama ya ƙame a gaban dagaci da dukan mutanen Kiru. Waƙa ta faɗi a tsakiyar kunya, kuma waƙar gidansu. Bai tsaya tuna rantsuwa ba. Ya yi wuf ya fizgo garwar nan, ya kifar da sauran ruwan a ƙafar wani mai rake, ya matse ta a hammata.

Kafin yatsa na biyu ya gama dannuwa, kiɗa ya tashi daga bayan taro. Garwa ce, amma hannun Ɗanasabe ne, don haka ba wanda ya yi dariya. Ya zuba amsar da gangarsa ke bayarwa a daidai wurin nan, tana cika kuwa huɗun Malam suka cika. Hannun Malam Dikko ya sauko da kansa, yaran da ke ƙirge a zuci suka shigo kamar mutum ɗaya.

"Sai mun ga ƙarshen kunya!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Ɗigo biyu suka ce a koma farko, yara suka koma. Ɗanasabe kuwa tunda hannu ya riga ya shiga, ina zai tsaya? Ya taso da garwarsa ya ratsa taro har gaba, yana kiɗa a hankali inda suka sassauta, yana ƙarawa inda suka ƙara. Da aka sake zuwa kan jemage yara suka ɗauke, shi kuma ya cike wurin har da ado. Tsofaffi biyu suka miƙe suka duƙa suna noman iska. Malam Hamman yana tafi yana share hawayen dariya. Shi kuwa Malam Dikko, yana kaɗa hannu yana jin wani abu na faɗo masa: ashe wurin da kunnensa ya zaɓa ya rataya jemage, wurin da gangar Baba ke magana ne tun yana goye. Bai san yana tune da shi ba.

Da aka gama, jama'a suka yi ca a kansu da sambarka. Ɗanasabe ya ajiye garwa ya sha kunu, don sai a lokacin ya tuna inda yake. Ya nemi ƙanwarsa da ido.

"Tasalla, gaya wa yaron nan, muryar yaran ba laifi. Amma ya ƙara musu tilawa. Sau biyu suna mantawa a wuri ɗaya. Ba don Allah ya kawo ni sayen igiya ba, da yau an ji kunya."

Malam Dikko ya yi niyyar yin shiru ya bar maganar a haka. Amma an manta da Luba. Yarinyar da ta haɗiye muryarta yau da kyar, a ce wai mantawa ta yi? Ta durƙusa, don tana da tarbiyya, amma muryar ba ta durƙusa ba.

"Baba, wallahi ba mu manta ba! Jemage ne!"

"Wane jemage kuma?"

Ta tashi ta nuna masa a allo. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ga ludayi, ga ƙwai, ga bakin kada, ga kuma jemage, wanda in an zo kansa dole a yi shiru na bugu huɗu, Malam ne ya sa shi da hannunsa, kuma duk damina suna fama sai yau suka samu, shi ma bugu ɗaya kawai aka bar su suka ci.

Gwaggo Tasalla ta riƙe ciki don dariya. "Yaya, ashe rantsuwar banza ka karya! Ba wanda ya faɗi, ka zo da gudu kana ɗagawa. Na dai shaida, kamar yadda ka ce in shaida."

Ɗanasabe ya matso kusa da allo, ya ƙura wa ɗan baƙin abin ido, ya daɗe. Ya sa yatsa a farkon layi ya ce wa Luba ta rera, tana rerawa yana bin alamomin da yatsa, suna hawa yana hawa, suna sauka yana sauka, har yatsan ya iso kan jemage. Luba ta yi shiru. Yatsan ya tsaya.

Malam Dikko ya ji tausayin tsohon ya kama shi. Mutum ya zubar da girmansa a gaban jama'a don ya rufa maka asiri, sannan a ce masa ba a bukata? Ya ɗauki tsumman goge allo.

"Gwaggo, gaya wa Baba laifina ne. Waƙarsa ce, ba ta da shiru a ciki. Bari in goge shi."

Bai kai hannu ba ya ji an riƙe masa wuyan hannu. Hannu ne mai kanta, har yanzu da sanyin ruwan garwa. Rabon da mahaifinsa ya taɓa shi, tun ranar da aka tafi da shi boko.

"Wa ya nuna maka nan ne wurin?" in ji Ɗanasabe. Allo yake kallo, amma ba da Tasalla yake ba.

"Ba kowa, Baba. Kunnena ne ya ce nan."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya saki hannun, ya karɓi tsumman ya miƙa wa Luba, ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa da wani ya kawo masa.

"Bar shi inda yake," ya ce. "Sai makaɗi ke sanin inda ake bar wa ganga wuri."

Malam Dikko ya tsaya da ƙurar alli a hannu, idonsa ya cika, yana murmushi kamar wawa a gaban ɗalibansa, bai kuma damu ba.

Ɗanasabe ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya gyara igiya a kafaɗa.

"Tasalla, tambaye shi, wace rana suke wannan abin?"

"Alhamis, Baba!" in ji yara gaba ɗaya.

"To a gaya wa hedimasta ya ɓoye garwar nan, ta ci mutuncina. Ran Alhamis da ganga zan zo."